Sodangi da Tseren Fakon Shagari

Duk ɗan kabu-kabun da ya taɓa kai babur gyara kusa da tashar Bodinga ya san Sodangi. A kan wani katako mai ƙananan tayoyi yake aiki, yana tura shi da hannu daga wannan mashin zuwa wancan. Kafin ka gama faɗin abin da ke damun babur ɗinka, ya riga ya kwance fulogi yana dubawa. Shan inna ce ta shanye masa ƙafafu tun bayan yaye, a garinsu Dandin Mahe. Kafaɗunsa kuwa sai ka rantse na ɗan dambe ne.

Mahaifinsa manomin albasa ne. Da ya ga aikin fadama ba zai yiwu wa yaron ba, sai ya kawo shi Bodinga wurin wani mai gyaran injin ban ruwa. Daga inji ya koma babur, har ya buɗe rumfarsa. Ya ƙera wa kansa mashin mai taya uku, ya maido da giya da birki hannu, kuma a kansa ya riƙa zuwa Sifawa zance wurin Safinatu, malamar firamaren da ta zama matarsa.

Kowace shekara, in an gama kai amfanin gona gida, matasan Bodinga da na Shagari sukan yi tseren babura a wani fako mai faɗi da ke tsakaninsu. Yawancin mashinan da ke cinyewa daga hannun Sodangi suke fitowa, amma shi bai taɓa ganin tseren da idonsa ba. Akwai kwazazzabo tsakanin titi da fakon, taya uku ba ta ratsa shi. An sha cewa a ɗauke shi a ƙetarar da shi, yana ƙi. Ya ce shi ba buhun gero ba ne. Sai ya zauna a rumfa, da yamma a zo a ba shi labari.

Wanda ya fi kawo masa labarin mai daɗi shi ne Umar, gwanin tseren Bodinga, wanda ya ɗauki Sodangi tamkar wansa. Wata damina babbar mota ta bankaɗe Umar a hanya yana ɗauke da kaya. Ya rayu, amma an yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa, ƙafar da ake canza giya da ita. Da aka sallame shi ya shige ɗaki, ya daina karɓar masu gaisuwa.

Sodangi ya bar shi har ciwon ya warke, sannan ya je. Ya rarrafa ya shiga ɗakin ba tare da jiran izini ba.

"Yaya, ka koma," in ji Umar, fuskarsa na kallon bango. "Ni tawa ta ƙare."

"Ƙahwa guda anka yanke, ba wuya ba," Sodangi ya ce. "Ni da ban taɓa taka ƙasa ba, mi kaka son in ce? Ina mashin ɗinka?"

"Shina nan bayan gida, ya lanƙwashe."

"Shi niz zo ɗauka. In ka so ganinai, ka san rumfata."

Ya kwashe watanni a kan mashin ɗin. Miƙe ƙarfen bai ba shi wahala ba, giyar ce ta wahalar da shi. Tasa ta hannu a hankali take shiga, ta isa zuwa kasuwa amma ba ta isa tsere ba. Ya yi walda ya yanke, ya sake yi ya sake yankewa. Safinatu ta gaji da ganin tuwo na sanyi, ta koma kai masa rumfa. A ƙarshe ya haɗa wani ɗan maɗauri kusa da kuloci, yadda yatsu za su ja giya hannu bai bar kan babur ba.

Umar ya zo ranar kasuwa, yana dogara sanda, wai wucewa yake. Ya daɗe yana kallon mashin ɗin. Da ya hau, sai da ya kai Sifawa ya juyo. Ya dawo idanunsa jajur, ya ce iska ce.

Saura kwamitin tsere. Shugabansa Alhaji Yahaya dattijo ne mai tausayi, kuma tausayin ne ya sa ya ƙi. Sodangi ya same shi a zaurensa a Shagari, ya gaishe shi gaisuwar manya, sannan ya kawo buƙatunsa: a bar Umar ya shiga tsere da kowa, a ware wa masu taya uku nasu zagayen, a kuma cike kwazazzabon.

"Sodangi, in wani abu ya same ku, mi za ni ce ma iyalanku?"

"Ranka shi daɗe, abin da kaka ce ma iyalan masu ƙahwa biyu. Mu ma da hular kwano za mu hau, mu ma Allah ka tsaronmu."

Alhaji ya ce sai ya ga Umar a kan mashin da idonsa. Da ya gani bai ƙara musu ba. 'Yan kabu-kabun garuruwan biyu suka yi gayya, suka yi ta jidar jar ƙasa da duwatsu a amalanke har hanya ta miƙe.

Ranar tseren, Sodangi ya ratsa sabuwar hanyar a kan mashin ɗinsa, Safinatu a baya. Da fakon ya buɗe a gabansa, ga jama'a, ga tutoci, ga ƙarar injinan da ya san muryar kowannensu, sai ya kashe mashin ya tsaya kallo. 

Umar ya tashi a baya, domin sai da aka riƙe masa babur kafin a ɗaga tuta. A kwana ta farko ya wuce mutum biyu. Daga nan ya yi ta cin su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage wani ɗan Shagari da ya riga shi ƙetare layi da tsawon taya. Jama'a suka bar wanda ya ci suka yi kan Umar. Shi kuma ya ratsa su ya tsaya gaban Sodangi, ya cire hular kwano, ya riƙe hannunsa.

A zagayen masu taya uku Sodangi da kansa ya shiga, wani tela daga Shagari ya bar shi a baya. Ya yi dariya har da hawaye, don shi ya ƙera wa telan mashin ɗin.

Yanzu yana cikin kwamiti, shi ke duba birkin kowane babur kafin a tashi. Daga Yabo da Tureta ake kawo masa aiki. Kwanan baya wani malamin makaranta mai hannu ɗaya ya zo ya tambaye shi ko akwai dabara. Sodangi ya auna hannun, ya auna kan babur, ya ce ya dawo bayan Sallah.