Akawun da Ya Hana Yayata Wanki

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar ina fama da ƙafar tabarau, sai babbar 'yarka ta kira ni a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na mayar da al'amari ga Wanda Ya ba mu aron ka Ya kuma karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Na daɗe zaune da tabaran a hannu, na ma manta abin da nake yi da shi.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana aikin akawu. Da ka ajiye aiki sai sunan ya ƙi ajiye ka, har mai ɗakinka da shi take kiran ka. Ka kama ɗan ɗaki a saman bene, bisa shagon mai gyaran fanka, ka sa tebur da benci biyu da kwamfuta da wata firinta mai tari kafin ta fitar da takarda. A nan kake cika wa mutane takardun tafiya. Matakala ashirin da biyu ce zuwa ɗakin. Gwiwoyina sun san lissafin.

Mu goma sha biyu muka zo maka a farkon shekarar nan, duk tsofaffi, galibinmu 'ya'yanmu sun tafi neman abinci a wata ƙasa mai nisa sun zauna a gari ɗaya. Muka ga gara mu tafi tare, wanda ya ɓata a samu mai cigiyarsa. Yawancinmu jikoki za su je gani. Yayata ita ce tafiyarta ba ta marmari ba. Ɗanta ɗaya tal a duniya, direban babbar mota ne a can, ya faɗi a wurin aiki ɓarin jikinsa ya shanye. Likitoci sun ce ba shi ba hawa jirgi, kuma ba su yi wa kowa alkawarin tsawon kwana ba. Shekara goma sha ɗaya rabonta da ganin sa. Ni rakiya ce tawa.

Mu da aka rena da tatsuniya mun saba a gindaya wa matafiyi sharuɗɗa kafin a buɗe masa ƙofa. Sai dai a tatsuniya ba a sake sharaɗi bayan mutum ya kama hanya. A tafiyarmu an sake sau huɗu cikin wata uku. Da farko aka ce hotunan da muka ɗauka ba su yi ba, dole bayan hoton ya zama fari, kuma ban da tabarau. Muka sake. Aka ce duk fasfon da bai da sauran wata shida a gaba ya koma gida, nan mutum uku suka koma layin sabuntawa. Aka ce sai an cika wani fom ta intanet kafin a je, mai tambaya har da sunan kakar mutum. Duk lokacin da sabuwar doka ta fito, sai ka buga ta a takarda da manyan baƙaƙe, ka manna a bango, ka cire tsohuwar ka yayyaga a gabanmu don kada wani ya rikita. Ban taɓa jin ka zagi masu dokar ba. Abin da kake cewa kawai, "Gidansu ne. Mu ne masu sallama."

Abin da ba zan manta ba shi ne gwajin da kake yi mana duk Asabar. Ka juya teburinka ya zama kanta, ka ja layi da alli a ƙasa, ka sa mu jeru kowa da fayil ɗinsa a hannu. Sai ka ɗaure fuska, ka zama jami'in shige da fice. Mutumin da muka yi shekara arba'in muna cin abinci kwano ɗaya da shi ya dube ni ya ce bai san ni ba. Wani tsohon kafinta a cikinmu ne ya fi shan wahala. Da ya iso gaban teburin sai ya soma gaisuwa, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da jama'a.

"Koma baya," in ji ka. "Iyalina ba su nemi biza ba."

"Haba Akawu, mutum ya wuce ɗan'uwansa kamar jaki?"

"Jakin zai riga ka shiga."

Sau biyar ka mayar da shi ranar. Muka yi ta dariya, amma ka koya mana abin da babu wanda ya taɓa koya mana, wato amsa abin da aka tambaya kaɗai, a yi shiru.

Sharaɗi na huɗu shi ne ya kusa karya mu. Aka ce kowa sai ya je da kansa an ɗauki zanen yatsunsa a na'ura, kuma dama uku ake bayarwa. Wanda ya faɗi duka ukun, sai ya sake neman izini daga tushe, abin da kan ci rabin shekara. Mu sha ɗaya muka wuce a zuwan farko. Yaya ta ɗora hannu a kan gilashin, na'ura ta yi shiru kamar ba a ɗora komai ba. Shekara arba'in da biyar ta yi tana wanki da guga, da shi ta ciyar da ɗan nata ta sa shi makaranta. Sabulu da ruwa da zafin dutsen guga sun cinye zanen, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Yarinyar da ke kan na'urar ta yi iya ƙoƙarinta, ta goge gilashi, ta juya hannun, a ƙarshe ta ce, "Mama, ki yi haƙuri."

A kan benci a waje ka karɓi hannayenta ka juya su a haske, ka daɗe kana dubawa. Sannan ka yanke hukunci: babu wanki, babu wanke-wanke, babu guga. Ruwa sai na alwala da wanka. Ka sayo mata safar hannu da gwangwanin man shafawa, ka ce safe da yamma. Ta ce to.

Ba ta ji ba. Wanda bai taɓa zama haka nan ba bai san yadda ake yi ba. Da ta ga kayan jikokina sun taru a kwando, sai ta faki idon matata ta ja su bayan gida. Zuwa na biyu, yatsu biyu kawai suka fito. Washegari ka zo gidana da kanka, ƙafafunka a kumbure har takalmi bai shiga sosai, ka zauna kana haki. Ka ce ta miƙo hannu. Ka sunsuna.

"Yaya, wannan ƙamshin ba na man da na sayo ba ne."

"Kai yaron nan, 'yan tsummokara ne fa guda huɗu."

Yaron nan, mai shekara saba'in da biyu, bai yi dariya ba. Ka ce, "Saura dama ɗaya. Ko dai tsummokaran, ko ɗanki. Ni ba zan zaɓar miki ba."

Tun ranar ta zauna. Sati uku cur tana kan tabarma, hannuwa bisa cinya, tana kallon matata na wanki yadda ba ta so, tana cije leɓe. Kai kuma duk bayan kwana uku sai ka zo duba yatsu, kamar manomi da ya yi shuka yana jiran tsiro. Muna ganin kana ramewa. Na ce ka je asibiti, ka ce sai ka ga tashin wannan ayarin. Mun gaji, ka gaji, amma tamu gajiyar ake ji domin mu ne masu baki.

An ba ta ranar Alhamis, goma ga wata, ƙarfe goma na safe. Ranar Litinin ka kira ni ofis. Ka miƙo mini fayil ɗinta, ka ce in saurara da kyau ko da ba ka samu zuwa ba. Kada ta zauna kusa da na'urar sanyi, sanyi na busar da yatsa. Kafin ta ɗora, ta shafa yatsun a goshinta. Kada ta danna, ta ajiye kawai. Ka sa na maimaita sau biyu kamar ɗan aji ɗaya. Na ɗauka tsabar ƙa'idarka ce ta motsa. Daren Talata aka kai ka asibiti, ban ma ji ba.

Da na je gidanka bayan rasuwar, aka ce jana'iza sai gobe ƙarfe goma, a jira 'ya'yanka maza su iso. Na tsaya a soro kaina ya kulle. Yaya ba ta iya karanta lambar layi, ba ta jin yaren da ake kira da shi, ba kuma wanda ya san abin da ka gaya mini sai ni. Mai ɗakinka ce ta aiko 'yarka da saƙo daga ciki: "Ta ce a gaya maka ka kai Yaya. Ta ce masu salla za su yi yawa, mai kai ta kai kaɗai ne."

Saboda haka, Akawu, lokacin da ake jera sahu a kanka, ina wani layin daban riƙe da fayil. Na zaunar da ita nesa da sanyi. Da aka kira ta, ta shafa yatsu a goshi, ta ajiye a hankali. Takwas suka fito. Yarinyar ta je ta tambayi na gaba da ita, ta dawo ta ce takwas sun isa. Yaya ba ta yi murna ba. Ta dubi agogon bango ta ce, "Yanzu sun kai shi." Daga can muka wuce makabarta, muka tarar ƙasar ba ta bushe ba.

Yau kwananmu shida da sauka a wannan ƙasa mai nisa. Mu sha biyun duka mun shiga, babu wanda aka mayar, har kafinta, wanda ya haɗiye gaisuwarsa da ƙyar. Ina wannan rubutu ne a bencin asibiti. Jiya aka ce an fito da wata sabuwar ƙa'ida ga masu komawa. Na karanta sau uku ban gane ba, na ninke na sa a aljihu. Yaron ya gane uwarsa. Magana ba ta fita sosai, amma yana ji. Ta ba shi labarinka tun daga farko, ya yi alama a yi maka addu'a. Mu uku ne a ɗakin, hannu biyar aka ɗaga.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata kabarinka, Ya sanya haske a cikinsa, Ya tabbatar da harshenka wurin tambaya. Wahalar da ka sha a kan bayinSa, Ya sa ka tarar da ita a mizani. Ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikokinka, Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya tsaya muku yadda Akawu ya tsaya wa iyayen wasu. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.