Gamba Ta Cinye Iyakar Gonar Yaya Sale

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, manomi a wani ƙauye kusa da Kakangi. A kan shimfiɗarsa Allah Ya karɓi abinsa, damina ɗaya kafin 'yan bindiga su tashe mu. Wani lokaci nakan ce ya fi mu sa'a, sai kuma in yi istigfari.

Idan Yaya Sale ya kalli saura, wato gonar da aka bari ta huta, sai ya faɗa maka shekarunta. Tofa ce ke fara shiga, in ji shi, gamba ta kore ta, kalgo da taura su biyo baya, daga ƙarshe bishiyar doka ta miƙe ta rufe kowa da inuwa. Mukan tsokane shi cewa da ciyawa na da limami, shi za a naɗa.

Da hanya ta ɗan lafa, na raka 'ya'yansa duba gonar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kalgo ya fi ƙarfin adda, gwaggon biri na zaune inda muke sheƙar dawa. Da yana nan, na san zai ce ƙasa ta huta, amma ni baƙin ciki ne ya cika ni. Abin da ya fi tayar min da hankali iyaka ce. A wajenmu layin gamba ake dasawa tsakanin gona da gona, yanzu kuwa filin duk gamba ne. 'Ya'yan maƙwabcinsa, marigayi Ɗanjuma, su ma sun dawo, kowa na nuna inda ya ga dama, har murya ta fara tashi. Iyayensu ba su taɓa sa-in-sa ba.

Matar Yaya Sale, Hajara, ce ta raba gardamar da muka koma gari. Ta ce, "Ku duba kaɗanya. Malam ba ya sare ta ko tana tsiro, Ɗanjuma kuwa ba ya barin inuwa a gonarsa." Muka koma muka duba. Inda manyan kaɗanyu suka ƙare, nan gonar ta ƙare, kowa ya yarda.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. An kore shanun noma tuntuni, yaran ba su da ƙarfin sharar wannan daji. Masu gawayi sun ce za su share musu, ladansu itatuwan. Na hana, sai babban ɗan, Haruna, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, itace za mu ci?" Dole na haƙura.

Yaya Sale bai bar gida tsaye ba, bai bar rumbu ba. Shaidun da suka tsaya masa su ne waɗannan itatuwa, kuma kafin ruwa ya sauka za a loda su a buhu zuwa Kaduna. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Mun samo gonarka, amma da kaɗanyarka za mu biya.