Notin Usta Na'ibi

Kullum in aka sallame sallar asuba, Usta Na'ibi bakanike ba ya komawa gida. Daga masallaci sai garejinsa na kwano da ke unguwar Sa'alaba. Ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya jera sufanu a kan buhu, ya zauna da kofin shayi yana jiran wanda zai fara jawo masa rigima. Shekara ashirin da uku ke nan yana haka. Bana, shekarar alif ɗari tara da saba'in da huɗu, ya rufe ƙofar, kuma ba tsufa ne ya rufe ta ba.

Ya shigo Jidda yana ɗan shekara tara, a jirgin ruwan alhazai daga Sudan. Iyayensa nan aka binne su. Da manyan motocin alhazai ya koyi aiki. Sai kuɗin mai suka zo, jirage suka fara sauke wasu motocin Amurka a tashar ruwa: Caja, Mustan, Fontiyak. Ƙofa biyu, hanci dogo, inji mai silinda takwas. In aka tayar da ɗaya a kasuwar Bab Makka, masu sayar da yadi sai sun ɗaga murya kafin a ji farashi. Can ƙasarsu an ce mai ya yi tsada, an fara ja baya da ƙera irinsu. Mu nan mai kamar ruwan rijiya, 'ya'yan masu hali suka yi ta kwasa.

To amma hanyar Makka siririya ce. Ga raƙuma, ga motocin alhazai, ga kwalta da ke dafa taya da azahar. Ku tambayi Ɗan'azumi mai janwe gawa nawa ya ɗora a bayan motarsa. Ya daina lissafi.

A kudancin Jidda kaf babu mai jin ciwon waɗannan injina kamar Na'ibi. Kunne yake sawa a jikin bonet ya faɗi silindar da ke ƙarya. Sai dai yana da sharaɗi ɗaya. Duk irin motar nan da ta shiga garejinsa, sai ya yi wa ƙasan totur waldar noti guda, yadda in ka taka ba zai kai ƙasa ba. Motar za ta yi gudu, amma ba za ta yi hauka ba. Ba a ɓoye yake yi ba. A gaban mai mota yake kunna wutar walda.

Samari sun zage shi da Larabci, sun zage shi da Hausa. Wani ya jefe shi da sunan da ake kiran baƙi 'yan Afirka, ya ce masa, "Ya Takruni, jaki na kawo maka ko mota?"

Ya ce, "Mota ka kawo. Jakin shi ya tuƙo ta."

Iyayensu kuwa sukan biyo ta baya su ce Allah ya saka.

Kai ne ƙi-faɗi, Na'ibi, guduma mai gyaran ƙarfe da masu ƙarfe. Akwai magidanta yau a unguwar Kurayyat da ke goyon 'ya'yansu a kafaɗa, ba su san noti ɗaya ne ya kawo su ba.

Bara sai jarrabawa ta zo masa har gida. Kafilinsa, Shaikh Abdulghani, wanda iƙamar Na'ibi, wato takardar izinin zamansa, take hannunsa tun farko, ya saya wa ɗansa Husaini wata jar mota sabuwa dal. Da ta fara tari aka kawo ta. Na'ibi ya gyara, ya sa notinsa. Kwana biyu Husaini ya dawo da abokai biyu suna yi masa dariya, wai an wuce shi a hanya kamar yana tsaye.

"Ya Usta, yalla, cire abin nan."

"Ba na cirewa, ɗana."

"Ka san ɗan wa kake faɗa wa haka?"

"Na sani. Ni na kai uwarka asibiti ranar da za ta haife ka."

Da yamma uban da kansa ya zo. Ya ce, "Na'ibi, yaro ya hana ni sakat. Cire masa, halas. Ka tuna takardarka ta kusa ƙarewa."

Na'ibi ya goge hannu ya ce, "Ya Ammi, takarda taka ce, ka yi yadda ka so da ita. Hannun nan nawa ne."

Aka kai motar wani gareji. Ba a yi minti biyar ba aka fille notin. Ranar Juma'a bayan la'asar, a hanyar Makka, tayar gaba ta fashe. Su uku ne a ciki. Ɗan'azumi ya je ya ga ƙarfe ya naɗe su, ya dawo ya ɗauki Na'ibi da kayan yankansa. Awa biyu yana yanka ƙofa a cikin rana. Shi ya zaro Husaini, shi ya cire rawaninsa ya rufe masa fuska.

Kuna tsammani uban ya gode? A wajen zaman makoki, gaban jama'a, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Da kai ka cire da hannunka, da ka duba tayar. Taurin kanka ya kashe min ɗa."

Na'ibi ya tashi ya koma gida. Matarsa Barakatu ta ce ya yi kwana uku bai ci abinci ba. Ya tambaye ta sau ɗaya, "Anya bai faɗi gaskiya ba?"

Bai faɗi ba, Usta. Ni na ce bai faɗi ba. Zafin rashi ne ya yi magana.

Iƙama ta ƙare, ba a sabunta ba. Mun bi masu faɗa a ji har mutum huɗu, Shaikh ya ce ba ya son ganin fuskarsa a garin nan, kuma ba zai sake shi ga wani kafili ba. Ranar Alhamis jirgi zai kwashe shi da Barakatu zuwa Sudan, inda babu wanda ya san sunansa.

Mun gode, Usta Na'ibi. Allah ya biya ka da abin da Jidda ta kasa. Ku kuma makanikai, mai iko zai zo muku wata rana da makulli a hannu ɗaya, takardarku a ɗaya hannun. Kun dai ga abin da a'a take jawowa. Ku faɗe ta duk da haka.