Shuɗin Ɗigon Babana

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. A shekarun alif ɗari tara da sittin ni saurayi ne mai shegen son ganin ƙwaƙwaf, haifaffen Utaibiyya a Makka. Babana mutumin Damagaram ne, da ƙafa ya zo ta Chadi da Sudan. Sana'arsa zana Ka'aba a kan farantan ƙarfe, alhazai su saya su kai tsaraba gida. Ba ya zana fuskar mutum sam. Masu ɗawafi ɗigo-ɗigo yake yin su da farin fenti, sai ɗigo ɗaya shuɗi. In na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce ai shi ne wannan da rigarsa ta shuni. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ni nake ja masa layukan ɗakin Allah, shi yana ɗiga mutane.

Wani alhaji ɗan Aljeriya da ke zaune a Faransa ya ga hannuna ya yaba. Ya ce akwai wani gida a ƙauye can da ake saukar masu zane na 'yan watanni, ci da kwana kyauta, su dai yi aikinsu. Na dami Baba har ya yarda, amma da sharaɗi guda: in dawo kafin jiragen alhazai su fara tsayawa a Jidda, don shi kaɗai ba zai iya ba. Na rantse masa.

Kai jama'a! Ni da na tashi cikin duwatsu, ban taɓa sanin kore iri-iri ne ba. Kullum in na yi asuba sai in fita in tsaya ina kallon raɓa a kan ciyawa kamar wani sakarai. Ƙararrawar coci ta buga, in je in karɓo burodi dogo kamar sandar makiyayi. Tsohuwar da ke mana girki na sa mata Inna, tana amsawa ba ta san ma'anarsa ba. Ran da ta fara ba ni cukunsu mai wari na zaci ruɓewa ya yi, na faki idonta na zuba wa kaji, ta kama ni ta yi ta dariya har da hawaye. Rana kuwa ba ta son faɗuwa, sai in yi ta leƙen taga ina jiran magariba. A ɗakin aiki akwai wani Bature mai gemu, ya ga kullum ɗigo nake yi a madadin mutane, ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake fitar da ido da hanci. Wallahi na yi kwanaki ina tuna cewa Baba ba ya zana fuska, amma son gani ya fi ƙarfina. Kafin ka ce me, na zana Inna, na zana mai burodi, na zana tsohon da ke kiwon shanu.

Lokacin komawa ya yi, alhajin nan ya zo ya ce mutanen gida suna cigiyata. Sai Inna ta kwatanta mini da hannu cewa wani farin abu zai zubo daga sama ya rufe garin. Na ce ina zan tafi ban ga wannan ba? Na ga dusar ƙanƙara, na taɓa, har na ɗanɗana. Aka ce kuma itatuwan da suka bushe za su yi fure. Na tsaya na ga fure.

Da na iso Makka an riga an sauko daga Arfa, alhazai sun watse. Yayata ce ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce Baba ya jira ni har ya gaji, ya zauna ya zana farantansa da lalube, layuka duk a karkace, alhazai su ɗauka su duba su ajiye. Zazzaɓi ya kama shi a dawowarsu daga Muzdalifa, bai tashi ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na buɗe jakata, ga fuskar kowa na ƙauyen nan, ban da ta ubana. Bai taɓa ɗaukar hoto ba. Na zauna in zana shi daga ka, na yi ta yi, hancin wani ke fitowa, idon wani ke fitowa. Har yau abin yana ci mini rai.

Ban ce yaro kada ya fita ya ga duniya ba, na gani kuma na ƙaru. Amma in ka bar tsoho yana dogara da hannunka, ka koma ranar da ka ce, ƙanƙara za ta sake zuba baɗi. Yayata ta ba ni farantinsa na ƙarshe, yana rataye a ɗakina. Shuɗin ɗigo biyu ne a ciki, kusa da juna. Ta ce tun ranar da na tafi haka yake yi.