Soson da Aka Bari a Hannun Maiɗakina

Ana idar da sallar asuba muka bar Maitumbi, ni da maiɗakina, zuwa tashar motocin Abuja. Sau uku na buɗe jaka don in tabbatar katin asibiti yana ciki.

Watannin baya man suyar ƙosai ya ƙona mata hannun dama. Likitoci suka shimfiɗa wani soso na roba a cikin raunin, daga baya suka rufe da fata. Tun lokacin ban samu sukuni ba. Ina ɗan noma a Garatu, na san ledar da fartanya ke tonowa ba ta ruɓewa. Yaya za a bar roba a jikin mutum? Na ƙudura sai sun cire, ko da za a sake yanka ta.

Hanyar Suleja, inda aka gyara sumul, inda ba a gyara ba sai salati. A Paiko doya tuli-tuli, amma da aka faɗi farashi kowa ya mayar da kansa cikin mota. A Lambata muka sayi masa da zafinta. Rabin tawa kawai na iya ci.

A asibitin Abuja, likitar da ke duba maiɗakina ta saurare ni har na gama. Ta ce abin dangin soson katifa ne, amma haɗinsa daban.

"Baba, kamar carbi yake, an shirya shi da zaren da ruwan jiki ke ci a hankali. Nama na tsirowa cikin ƙofofinsa, zaren na tsinkewa, ɓurɓushin ya fita ta fitsari."

"Idan ya narke kafin nama ya cika fa?"

"Nan masu haɗa shi suka sha wahala. Sun auna yadda sai nama ya riga shi."

"Idan kuma ya ƙi narkewa?"

Maiɗakina ta ce, "Likita, rubuta wa Malam magani, shi ne mara lafiyar."

Likita ta yi dariya, ta ɗora yatsana a kan tabon. Laushi, da ɗuminsa. Ta ce ko ta buɗe yanzu, da wuya ta raba soso da nama. Babu sauran yanka.

A dawowa barci na yi tun daga Suleja, sai gab da magariba na farka a Minna. Tafiyar ta nuna min fargabata ta kusa jawo wa baiwar Allah wuƙa a banza, alhali tambaya kawai nake bukata.

A ƙofar gida ta karɓi makulli, ta murɗa da hannun nan. Na buɗe baki zan ce ta bi a hankali. Sai na fasa, na bi ta ciki.