Nyar Sakwa, Wadda Ta Kai Ni Gaban Mahaifiyata

Ƙarfe shida na safe za ka same ta a bayan kicin ɗin gidan renon jarirai da ke gefen Kisumu, ta ɗora ruwan wanka a murhu, tana yi wa masu aikin dare faɗa don sun bar tsummokin yara a igiya raɓa ta jiƙa su. Sai ta wanke jariran ɗaya bayan ɗaya, ta shafe su da mai, sannan take zama ta sha shayinta da dafaffen rogo. Haka Selfa Aoko ta yi shekara arba'in da ɗaya. Ba mai kiran ta da wannan suna, kowa Nyar Sakwa yake cewa, wato 'yar Sakwa, garinsu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun tana ji da kunnenta.

Ba ita ce shugabar gidan ba, ba ta taɓa riƙe makullin ofis ba. Takardun yaran da aka ba wasu iyaye kotu ce ta rufe su, ita ma ba ta san abin da ke ciki ba. Amma ita ke karɓar jariri a ƙofa, ita ke ganin fuskar wadda ta kawo shi, kuma ba ta mantuwa.

Ni a Nakuru na tashi, a hannun mutanen kirki da suka sa mini suna Nyokabi, ba su kuma ɓoye mini cewa ɗauko ni suka yi ba. Ban nemi kowa ba sai da 'yata ta fara ciwon ƙashi, gwaji ya nuna sikila ce. Likita ya tambaye ni ko akwai mai ita a danginmu. Ina da shekara talatin da huɗu, na kasa ba shi amsa. Na tafi Kisumu. A ofis aka karɓe ni da mutunci, aka ce takarduna a rufe suke, sai na nemi izinin kotu, kuma ba wanda ya san ranar fitowarsa. Na zagaya baya na zauna ina kuka.

"Ke 'yar nan, in kuka za ki yi, matsa daga ƙarƙashin shanyata."

Wata tsohuwa ce riƙe da bokiti, ashe Nyar Sakwa ke nan. Ta tambaye ni shekarar da aka kawo ni, ta kama hannuna na hagu ta juya shi, ta ga ɗan tabon da ke gefen ƙaramin yatsana. Sai ta ajiye bokitin.

"Mai yatsa shida! Ni na ɗaure wannan da zare har ya faɗi. Kwana biyu kina yi mini ihu, ashe har yau ba ki daina ba."

"Mama, kin san wadda ta haife ni?"

"Na san ta."

"Tana raye?"

"Bara dai tana raye, har ta fi ni ƙiba."

"Faɗa mini sunanta."

"A'a," in ji ta. "Ke kin shirya, kin hau mota kin zo. Ita tana can tana shanyar kifi, ba ta san da zuwanki ba. Sai na tambaye ta. In ta yarda, ni zan kai ki. In ta ƙi, zan faɗa miki gaskiya, zan kuma tambayo miki zancen ciwon."

Na faɗa mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ta bar ni na gama, ta zuba mini shayi.

Daga baya na gane haka take yi wa kowa. Kiprono, direban babbar mota wanda shi ma ta gidan ya biyo, ya ba ni labarin yadda tasa mahaifiyar ta ƙi ganin sa. Nyar Sakwa ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma nuna masa gidan a ɓoye ba. Ta zauna da shi yini guda a bakin tasha, ta kwatanta masa matar, tafiyarta, dariyarta, da irin tsoron da ya hana ta. Ya ce ranar ya daina kallon fuskar kowace tsohuwa a hanya.

Sau uku ta je Usenge, garin da mahaifiyata take, saboda ni, a matatu, motar haya, sannan a bayan babur, da gwiwoyin nan nata. Zuwan farko, mahaifiyata, Jenifa Adoyo, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Na biyu ta ce mijinta bai san ta taɓa haihuwa kafin aurensu ba. Na uku Nyar Sakwa ta zauna kusa da ita har ta faɗa masa da bakinta. Tsohon ya ce, "Shekara talatin kina zuwa Kisumu duk Kirsimeti kina ce mini asibitin ido. Ni na zaci wani ƙato ne! Ashe 'ya ce? To ku kawo ta mana, me ake jira?"

Da rana tsaka muka isa gidan, ni da Nyar Sakwa. Tambaya ɗaya na riƙe tun ina ƙarama, ita na fara yi tun ban zauna ba: "Yar da ni kika yi?"

Mahaifiyata ta girgiza kai. Nyar Sakwa ce ta ba da amsa. Mahaifina ya nutse a tafki tun ina cikin mahaifiyata. Ita kuma bayan ta haife ni tarin fuka ya kwantar da ita, aka ce ba za ta tashi ba, ta sa hannu a takarda don kada in mutu tare da ita. Da ta warke ta dawo, an riga an tafi da ni, ofis kuma bai da ikon faɗa mata ina. Tun daga nan duk shekara take zuwa bayan kicin ta tambaya ko na leƙo.

Zancen ciwo ma na samu amsa: ƙanen mahaifiyata na da sikila, ga shi nan da furfura yana gyaran raga. Na ɗauki hotonsa na kai wa 'yata.

Nyar Sakwa, ke ce mai wankan farko, mai riƙon amana. Ke ce ba ki karya doka ba, ba ki kuma fake da ita kin kore mu ba. Kin kare sirrin uwa, kin ji kukan 'ya, ba ki sayar da ɗaya don ɗaya ba. Na gode, Mama. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma da ke aiki a irin gidajen nan, masu jinya, masu gadi, masu wanki, ku dubi fuskar matar da ta kawo jariri, ku tambaye ta garinsu. Wata rana wani zai zo neman abin da kuka gani.

Mu da ta yi wa wanka muna jarirai, mun tambaye ta kyautar da take so ta sallama. Ta ce, "Ku kawo mini 'ya'yanku in ɗauka. Ina so sau ɗaya in riƙe jaririn da na san gidan da zai kwana." Mu ashirin da bakwai ne za mu je ranar Asabar, kowa da nasa.