Cinikin da ba a sallamawa

Shekarun baya, lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki, abu biyu na sa a gaba: takardar gama sakandare da kujerar kansila. Mutanen Unguwar Sanusi sun ce in fito, amma sai da takarda. Ni kuwa dillalin tayil ne, aji uku na bar makaranta. Na yi rajistar jarrabawa, na roƙi maƙwabcina, malamin lissafi ɗan Filato, ya riƙa zuwa shagona bayan la'asar.

Komai na tafiya daidai har muka iso kan lambobin da suke kira irashinal. Ya ce akwai lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da biyu cif, amma in za a rubuta ta, ba ta ƙarewa, ba ta kuma maimaita kanta. Na ture littafin.

"Malam, abin da ba shi da ƙarshe ba lamba ba ne. Na haƙura da kansilan."

"Alhaji, ba ni tayil biyu."

Ya sa aka yanka kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa, ya haɗa gutsattsarin huɗu a ƙasa, suka ba da murabba'i guda babba.

"Faɗin filin nan tayil nawa ne?"

"Biyu."

"To tsawon gefensa shi ne lambar da ka ce babu. Ga ta kana takawa. Yanzu taya ta."

Na ɗauki kalkuleta na taya 1.4. Na ninka da kanta, ta ba da 1.96.

"Albarka, bai kai ba," in ji shi.

Na ce 1.5. Ya ce na zarce. Na sauko 1.41, bai kai ba; 1.42, ya wuce. Na yi ta matsowa ina gumi, yana ta cewa albarka yana cin gyaɗata.

"Malam, yaushe za ka sallama?"

"Ba ranar. Kullum za ka ƙara kusa, amma ba za mu tafa ba."

Nan na gane. Na sha ganin ciniki ya matso har saura ƙiris, kuma kayan suna nan a gabanka ko da ba a daidaita ba. Na jawo littafin muka ci gaba.

Na ci lissafi, takarda ta fito. Kujerar kuwa tun a zaɓen fitar da gwani aka kayar da ni, ko kusa ban je ba.

Malam ya koma Sabon Tasha daga baya, har yau nakan kai masa ziyara. Da ya hango ni sai ya ce, "Alhaji, nawa ka taya yau?" In na zauna na auna, na rasa kujera da tayil biyu, na samu takarda da wannan mutumin. Ban taɓa cin riba irin wannan ba.